Kowa Ya Lura da Hagunsa

Mijina Bartholomew ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, ya yi ritaya yana prinsifal a wata sakandare ta hanyar Madakiya, amma in ka tambaye shi abin da ya iya a duniya, golf zai ce maka. Wasan nan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, ko da yake ni ban taɓa ganin ko tushen alayyafo a inda suke buga shi ba. A Jos ya kwaso cutar, lokacin da aka tura shi wani kwas muna sabon aure. Ya dawo da sanduna na gwanjo da jakar ƙwallaye, ni kuwa da na sa rai da atamfa sai na samu lacca.

Inda suke bugawa wani fili ne bayan tsofaffin kwatas na reluwe a nan Kafanchan, shi da amininsa Cyprian. Cyprian Ibo ne, amma a kwatas ɗin aka binne cibiyarsa. Ubansa direban jirgin ƙasa ne, shi kuma kayan gyaran babur yake sayarwa a kasuwa. Tsofaffi biyu da furfura, suna bin ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza ba cikin ciyawa, awaki na kallonsu. Na sha yi musu dariya, ban kuma taɓa hana su ba, don da a ce gidan burkutu suke zuwa da abin ya fi haka muni.

Laccar kuwa na haddace ta kamar Addu'ar Ubangiji.

“Maman Jason, dubi akuyarki,” zai ce, ina tsakiyar daka. “Turke yana wuri ɗaya, igiya tsawonta ɗaya, shi ya sa ciyawar da ta ci ta fita da'ira. To kafaɗata ta hagu ita ce turken. Hannuna da sandar su ne igiya. Kan sandar shi ne akuyar.”

Sai ya ɗauki faifaina ya jingina da bango, ya ce da'irar golf ba a kwance take ba, ba kuma a tsaye ba, a jingine take haka. Ya ce hannu ɗan gajeren zagaye yake yi, kan sanda kuwa dogon zagaye, kuma tare za su iso, don haka dole kan sanda ya fi gudu. Ya ce wurin da da'irar ta fi yin ƙasa yana ɗan gaba da ƙwallo, kuma in turken ya motsa ko igiyar ta lanƙwashe, to sai dai ka haƙa rami ko ka bugi iska. Amma abin da ya fi so ya maimaita shi ne, sanda ba ta san ta bugi ƙwallo ba. Ƙwallon tana kan hanyarta ne kawai. In ta taso daga dama, sai ta ƙarasa zagayenta a hagu, ko mai riƙe da ita ba shi da ikon tsayar da ita a tsakiya.

Wannan ilimi ya yi amfani a wuri ɗaya tak, wato maƙabarta. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, kafin ranar da Fada ke zuwa ya sa wa kaburbura albarka, mazan cocinmu na fita su share wurin da langa-langa, wannan dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da ake wurga shi a yanke ciyawa a tsaye. A da kowa inda ya ga dama yake tsayawa, har wata shekara aka sare wa wani agara, ya mutu yana ɗingishi. Bartholomew ne ya jera su layi. Ya ce langa-langa da sandar golf uwarsu ɗaya. Ba ka ganin mutumin da ke damanka yana ɗagawa, don idonka na kan ciyawa, amma ƙarfenka a hagu zai ƙare, saboda haka alhakin na hagunka yana wuyanka. Kafin ka ɗaga, ka dubi hagu. Tun daga ranar, da an jeru sai ya ɗaga murya ya ce, “Kowa ya lura da hagunsa,” su amsa, sannan a fara. A kan wannan suka zaɓe shi shugaban zumuntar maza, suka kuma ƙi sauke shi.

A tsakiyar daminar bana ya faɗi a bakin famfo yana wanke fuska. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana shan maganinsa ranar da ya ga dama. Ya kwanta a asibiti, aka yi addu'o'i, matan zumunta suka cika mana gida da kwanuka. Da aka sallame shi, da ƙafarsa ya shiga mota, bakinsa bai karkace ba, hannunsa na hagu ya ɗan yi nauyi kawai. Muka je coci muka yi godiya da buhun shinkafa da rawa har gaban bagade. Kowa na cewa Allah ya yi abin al'ajibi, ni ma haka na ce, da zuciya ɗaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sa masa faten acca, ya cinye rabin kwano na dama tas, ya bar na hagu kamar an ja layi da wuƙa, ya ce na fara yi masa rowa. Na juya kwanon, ya ce, “Yawwa, ashe akwai ƙari.” Ya yi aski ya fito da gemu a kunci ɗaya. Kullum kafaɗarsa ta hagu sai ta daki ƙyauren ɗaki, ya tsaya yana zagin kafintan da ya mutu tuntuni. Ranar da abin ya fi tsorata ni, ina zaune kusa da shi a benci ta hagunsa ina gyaran wake, ya ɗaga kai ya yi ta kirana, yana mita wai na cika yawo.

Na mayar da shi asibiti. Likitan ya ba shi takarda ya ce ya zana agogo. Mutumin da ke zana da'ira a allo da hannu ɗaya ba tare da kamfas ba, sai ga shi ya cusa lambobin duka a gefen dama, ya miƙa takardar yana murmushi. Likitan ya ja ni waje ya ce idanunsa lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ta daina karɓar duk abin da ke hagu, kuma mugun abin shi ne mai ciwon bai san ya rasa komai ba. A wurinsa duniya cikakkiya ce. Ya ce wasu na samun sauƙi a hankali, wasu ba sa samu. Kada ya tuƙa mota, kada ya tsallaka titi shi kaɗai, kada ya riƙe abu mai kaifi kusa da mutane.

Da likitan ya faɗa masa a gabana, Bartholomew dariya ya yi. A hanya ya ce yaron nan ko ajin ƙarshe bai kai ya zauna a gabansa ba, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na dube shi yana wannan maganar, wata mai talla ta wuce ta hagunsa har tirenta ya goge masa riga, bai ko ƙifta ba.

Na ɓoye makullin mota na ce ya ɓata. Na kira ɗanmu Jason a Abuja, ya ce in kawo shi su ga babban likita, uban ya ce ba inda za shi, shi ba maras lafiya ba ne. Ban gaya wa kowa a gari ba. Na san bakin mutanenmu. Yau ka ce ƙwaƙwalwa, gobe a kasuwa a ce kan Prinsifal ya taɓu, jibi wata ta zo maka da sunan gidan addu'a da wanda ya jefe shi. Mutumin da rabin garin nan ya durƙusa a ofishinsa, ban so yara su riƙa nuna shi da baki ba. Cyprian kaɗai zan iya gaya wa, shi kuwa ya tafi Gabas wajen 'yarsa Uloma tun bayan godiyar da muka yi, irin wannan magana kuma ba ta waya ba ce.

Rashin Cyprian bai hana shi golf ba. A tsakar gida ya koma yi. Ya sa ƙwallo, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda ta dama, har yanzu da kyanta, ya sauko da ita. Ƙwallon ta tafi hagu ta daki katanga ta dawo kusa da ƙafarsa, shi kuwa ya sa hannu a goshi yana hangen sama, ya ce tun da yake bai taɓa buga mai nisa irin wannan ba, ko ganinta bai yi ba. Wata safiya kazata mai 'ya'ya ta bi ta hagunsa tana kiwo. Ina kicin na ji ƙarar. Na fito na tarar da ita tana shure-shure, kanta a fashe, jini a kan sandar, shi kuma yana neman wata ƙwallon a aljihu. Na ɗauke ta na kawo ta damansa na nuna masa. Ya ce shaho ne. Na shiga bayan gida na yi kuka, ba don kazar ba.

Aka yi sanarwar sharar maƙabarta a coci. Na ɗauki langa-langarsa na kai gidan ƙanwata na ce ta ajiye. Na sami katikis ɗinmu, Malam Kevin, bayan Mas, na yi ta kewaye-kewaye, na ce jikin Baban Jason bai gama ƙwari ba, a taimake ni a zaunar da shi ranar.

“Mama, kada ka damu,” in ji shi. “Za mu sa mashi kujera a inuwa. Shi dai ya yi mana sufabaiza, shi ke nan.”

Na koma gida ina cewa na yi dabara. Ban faɗi gaskiyar ba, na kuma yi zaton ba sai na faɗa ba.

Ranar Asabar ɗin da aka sa za a yi sharar muka fita da sassafe, ni ɗauke da tukunyar kunun gyaɗa, ina tafiya ta hagunsa kamar yadda na saba yanzu, in tare masa babura. Ciyawar bana ta yi tsawo har ta rufe giciyen wasu kaburburan. Maza sun taru da yawa, ana wasa ƙarfe a dutse. Kujerar na nan ƙarƙashin mangwaro yadda Malam Kevin ya yi alkawari, Bartholomew ya zauna ba musu, na ji sanyi a raina. Mu mata muka koma gefe muna jera kofuna.

Sai ga Cyprian a kan babur. Ashe ranar Juma'a da yamma ya dawo, bai samu ya leƙo mu ba. Matarsa Eucharia na kwance a maƙabartar nan, bai taɓa fashin ranar shara ba. Ya sauka yana buɗe hannuwa.

“Oga Bato! Wane ne ya sa ka a kujera kamar amarya? Tashi, abeg. Mutuwa ya zo ya gan ka ya gudu, yanzu ciyawa ne za ka ji tsoro?”

Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce layi ba ya kyau in ba Prinsifal a kai. Na ga fuskar mijina ta washe irin yadda ban gani ba tun kafin ya faɗi. Ya miƙe, wani tsohon ɗalibinsa ya miƙa masa langa-langa da hannu biyu, sabuwar wasawa, bakinta na ƙyalli. Na nemi Malam Kevin da ido, ya ɗaga mini kafaɗa yana murmushi, wai me zai yi.

Na ajiye ludayi na matsa kusa. Na ce, “Baban Jason, likita fa ya ce ka huta.”

“Maman Jason, je ki ji da kununki,” ya ce, cikin fara'a, don mutane su ji. Aka sake dariya.

Suka jeru. Shi ne a ƙarshen dama, inda ya saba, Cyprian kuma a hagunsa, inda shi ma ya saba tun da aka fara wannan layi. Bartholomew ya gyara murya ya ce, “Kowa ya lura da hagunsa.” Suka amsa gaba ɗaya, kawuna suka juya hagu a jere. Nasa kan ya ɗan motsa, ya tsaya a tsakiya, ya dawo.

Da farko tazarar ta isa. Ya yi sara, ciyawa ta kwanta, ya yi wani. Ƙarfen na tashi ta dama, ya sauko, ya share ƙasa, ya wuce ya hau ta hagu da ƙarfinsa duka, yana kuka a iska. Na tsaya ina gaya wa kaina watakila a gama lafiya. Amma ba ya tafiya a miƙe. Kowane taku sai ya ɗan gangara hagu, layin kuma na matsowa wajen kabarin Eucharia. Da suka iso, Cyprian ya ajiye nasa ƙarfen, ya matso dama, ya durƙusa a gindin giciyen yana cire ciyawa da hannu, don ba ya yarda ƙarfe ya taɓa wurin. Ya ba Bartholomew baya. Bai ko waiga ba, don me zai waiga? Mutumin da ke damansa shi ne ya kafa dokar.

Na ga mijina ya gyara ƙafafu, ya kai ƙarfen sama ta dama.

“Bartholomew, tsaya!”

Tun da muka yi aure ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Ina jin wannan ne ya tsayar da shi, ba kalmar ba. Ƙarfen ya tsaya a sama, sannan ya sauke shi a hankali ta inda ya ɗaga shi. Duk layin ya tsaya. Cyprian ya miƙe da ciyawa a hannu yana dubana.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa, a gaban ɗalibansa da surukansa da matan zumunta. Na ce tun da ya faɗi ba ya ganin komai ta hagu, kuma bai san ba ya gani ba. Na faɗi maganar kwano, da gemu, da kaza, da abin da likita ya ce. Ina jin kunya kamar na tuɓe shi a kasuwa, ina kuma jin haushinsa, da haushin Cyprian da bakinsa, da na kaina da na bari har aka zo nan.

Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Muryar ofis ya ɗauko, wadda yake yi wa iyayen yara magana da ita.

“Jama'a, ku yi wa matata haƙuri,” ya ce. “Ta sha wahalar jinya, ba ta samun barci. Wani yaron likita ne ya tsorata ta.” Ya yi murmushi ya dubi waɗanda ke gabansa da damansa. “Amma ni malamin lissafi ne, ba na son gardama ba hujja. Abu ne mai sauƙi. A kira mini Cyprian ya zo ya tsaya a haguna, ya ɗaga duk abin da ya ga dama, in gaya muku ko mene ne. Ina Cyprian ɗin ya shiga? Yanzun nan yake nan.”

Cyprian na tsaye a hagunsa, kusa har in ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarsa. Cyprian ya ɗaga hannun da ke riƙe da ciyawar, ya kaɗa shi a gefen fuskar abokinsa, ƙasa na zuba daga saiwoyin a kan rigar Bartholomew.

“Wani ya je ya kira shi mana,” in ji mijina. “Ko ya tafi shan kunu ne?”

Wata mata a bayana ta ce, “Yesu,” a hankali.

“Oga Bato,” in ji Cyprian. “Ga ni nan.”

Bartholomew ya ji muryar, ya juya nemanta, amma ta dama ya juya. Ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, Malam Kevin, ɗalibinsa mai langa-langa, mangwaro da kujerar da ba kowa, mata da kofunansu, ni. Bai tsaya a kaina ba. Ya ci gaba da juyawa da ƙananan taku, kowa na sunkuyar da kai in ya iso gare shi, har ya kusan komawa inda ya fara. A nan ya ci karo da Cyprian, hanci da hanci.

Bartholomew ya ƙura masa ido.

“Tun yaushe kake nan?”

“Tun da muka fara. Na durƙusa ne a nan, wajen Eucharia.”

Bartholomew ya dubi wurin da gwiwoyin Cyprian suka danne ciyawa. Ya dubi sawun ƙafafunsa shi kansa inda ya tsaya. Ya miƙa hannu da ƙarfen a hankali, ba sara ba, awo, daga kafaɗa zuwa bakin ƙarfe, ya bi hanyar da zai bi, ya ɗaga shi kaɗan inda zai fara hawa. Na san wannan fuskar, ita yake yi in yana duba amsar ɗalibi kuma ya riga ya san abin da zai samu.

“Da a wuyanka zai sauka,” ya ce.

Ya sunkuya ya kwantar da langa-langar a ƙasa, ya juya bakinta ciki. Na matso na miƙa masa hannu, ta dama, inda na tabbata yana ganina. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya kau da kai.

“Cyprian, kai ni gida.”

Cyprian ya riƙe shi a gwiwar hannu suka bi tsakanin kaburbura, mutane na buɗe musu hanya, ba wanda ya ce sannu. Na bar wa mata tukunyar na bi su a baya. Ba wanda ya waiwayo a cikinsu. Muna kaiwa bakin hanya na ji an sake jeruwa a bayanmu, aka ɗan yi shiru ana jiran wanda zai faɗi maganar farawa, ba wanda ya faɗa, sai ƙarar ƙarafa kawai ta tashi.